Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ni da Washington, duk mun sa hannu ba mu karanta ba

A makon jiya na tsaya a inda mai gidan haya ya riƙe mini kuɗin ajiya, dala 600, saboda wani sharaɗi a shafi na huɗu na takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Kwana uku ko abinci ba ya mini daɗi. Ran Asabar sai wani dattijo ɗan Maraɗi da muke Juma'a tare a Pittsburgh ta Amurka ya ƙwanƙwasa ƙofata.

"Ɗana, taso ka raka ni, akwai abin da zan nuna maka."

Mun yi tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai, muka tsaya a wani fili mai dausayi. A tsakiyarsa an kakkafa itatuwa a zagaye, da wata 'yar bukka a ciki. Wallahi na ɗauka garken awaki ne. Baba ya ce ai wannan shi ne Fort Necessity, wani tsohon sansanin soja, an sake gina shi ne yadda yake a da.

A nan, ranar 3 ga Yulin 1754, Faransawa suka ritsa George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, yana ɗan shekara 22, yana jagorantar sojan Virginia a ƙarƙashin Ingila. Rigimar a kan kwarin kogin Ohio ce, musamman mahaɗar kogunan nan da garinmu Pittsburgh yake kai yau. A watan Mayu mutanensa sun yi wa wata tawagar Faransawa kwanton ɓauna, aka kashe jagoranta Jumonville. Ɗan'uwan mamacin ne ya zo ramuwa. Ruwa ya wuni yana zuba, ramukan tsaro suka cika, albarushi ya jiƙe.

Da dare aka kawo takardar miƙa wuya da Faransanci. Washington ba ya jin Faransanci. Tafintansa, ɗan ƙasar Holan, ya duba jiƙaƙƙiyar takardar a hasken kyandir, inda aka rubuta an yi wa Jumonville kisan gilla, ya ce masa mutuwa kawai aka rubuta. Washington ya sa hannu. Faransa ta ɗauki takardar tana shela da ita a Turai.

Yaƙin ya yi ta faɗaɗa har 1763, Faransa ta rasa Kanada, Ingila ta fito da bashi har wuya, sai ta ɗora wa mazauna Amurka haraji a 1765. Rigimar harajin ta kai su ga yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Abin da ya ba ni dariya, a 1794 shi Washington ɗin, yana shugaban ƙasa, ya tara dakaru kusan 13,000 a kan manoman wannan yankin don sun ƙi biyan harajin barasa.

Na ce, "Baba, don wannan ka kawo ni?"

Ya ce, "Kai dala 600 ka yi asara. Shi fa?"

A hanyar dawowa ya tsaya muka ci burodi da shayin da ya zo da shi a filas. Litinin na je ganin wani ɗakin, mai shi ta miƙo mini shafi tara, na nemi kujera. Yadda muka ƙare da ita, sai mako mai zuwa.