Gwiwata ce ta fara kawo mini labari

Ina da shekara 48 saukowa daga gado ta zama mini aiki. Ba ciwon a zo a gani ba ne. Da na sauke ƙafa ƙasa sai in ji dunduniya kamar na taka tsakuwa, gwiwoyi sun ƙage, yatsun hannu sun ƙi lanƙwasuwa sai na yi ta murza su ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar minti 15 komai ya saki, in shiga harkokina kamar ba ni ba. Shi ya sa na yi watanni ban faɗa wa kowa ba. Ciwon da kafin ki gama ba da labarinsa ya tafi, wa za ki kai wa ƙara?

A lokacin al'adata ba ta ɗauke ba tukuna, wasan ɓuya take yi da ni. Ta zo wata biyu a jere, ta yi ɓatan dabo wata uku, ta dawo kamar an ɓalle famfo. Abin da na sani game da wannan zango na rayuwar mace bai wuce zafin nan mai taso wa mutum kwatsam ba, da gumin dare, da saurin fushin da ake mana tsiya a kai. Ba wanda ya taɓa ce mini gaɓoɓi ma suna cikin lissafi. Da na yi wa yayata ƙorafi dariya ta yi, ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri, girma ne ya zo. Sanyi ne, ni ma da shi nake fama." Na karɓi maganarta hannu bibbiyu, na yi abin da hankalina ya ba ni: abin da ke ciwo, a hutar da shi.

Na daina hawa bene sai dole. Tafiyar ƙafa da nake yi da yamma na ajiye ta. Abin da ke ɗaki na gaba ma sai in ƙwala wa yaro kira ya miƙo mini. Sannan na kama haɗiyar magani, ibufurofen da safe, in ya ƙi da dare in bi shi da dikilofenak, ban san 'yan gida ɗaya ba ne, haɗa su illa yake ƙarawa ba sauƙi ba. Daga baya wata ƙawata ta kawo mini wasu ƙwayoyi a leda, ba suna ba takarda, ta ce sha yanzu magani yanzu. Ba ta yi ƙarya ba. Cikin kwana biyu na ji ni kamar 'yar shekara 20. Bayan wata biyu fuskata ta cika ta zama kamar faranti, mutane suna ta yaba mini wai hutu ya karɓe ni.

Kafaɗa ce ta tona asirin. Wata safiya na kai hannu baya zan ja zif ɗin riga, wani zogi ya harbo daga kafaɗar hagu har tsakar kai, sai ga ni a durƙushe. Babbar 'yata tana tsaye. Ta ce, "Mama, wannan karon ba roƙonki zan yi ba. Gobe sai wurin likita."

Likitar ba ta yi gaggawar ɗaukar biro ba. Tambayoyi ta riƙa jero mini, kuma kowace da abin da take farauta. Minti nawa ƙagewar safe ke ɗauka kafin ta saki? In bai kai rabin awa ba, yawanci zaizayewar gaɓa ce ko canjin da jiki ke ciki. In kuwa ta haura awa guda, ga kumburi a yatsun dama da na hagu lokaci guda, to ana zargin amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda maganinsa daban ne, kuma jan ƙafa a kansa yana lalata gaɓa har abada. Gaɓar tana yin ja ko zafi in an taɓa? Yaushe rabona da al'ada? Ina samun barci? Can ta ce, "Hajiya, me da me kike sha?" Na zazzage mata jakata a kan tebur. Ta ɗaga ledar ƙawata, ta dubi fuskata, ta ce da wuya in babu sitiroyid a ciki. Shi ke kashe ciwo nan take, shi ya cika mini fuska, kuma yana cin ƙashi a daidai shekarun da ƙashin mace ke raguwa da kansa. Ba ta bari na yanke shi rana ɗaya ba. Ta musanya mini shi da wanda aka san ƙarfinsa, aka riƙa ragewa sannu a hankali, domin wanda ya daɗe a kansa in ya tsaya kwatsam yana iya kwantawa magashiyyan. Jinina ma ya hau, abin da bai taɓa yi ba. Ta ce magungunan nan biyu da nake haɗawa suna hawar da jini, suna cin ciki har ya yi gyambo, suna kuma taɓa ƙoda.

Aka ɗebi jini aka duba alamun kumburi, da na amosanin garkuwar jiki, da sukari, da tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda in ta yi kasala ita ma tana kawo ciwon jiki da gajiya da ƙiba, har a ɗauka ɗaukewar al'ada ce. Duk lafiya lau, sai bitamin D da ya yi ƙasa. Kafaɗar kuma daskarewa ta yi, ciwon da ya fi kama mata tsakanin shekara 40 da 60, ya kuma fi yawa ga masu ciwon sukari.

Daga nan ta yi mini bayanin da ya kamata a ce na ji tun shekaru goma baya. Sinadarin istirojin da jikin mace ke samarwa ba aikin haihuwa kaɗai yake yi ba. Guringuntsin da ke shimfiɗe a bakin ƙasusuwa, da fatar da ta lulluɓe gaɓa tana fitar da ruwan da ke sa ta santsi, da jijiyoyi, da tsoka, da ƙashin kansa, duk suna amsa masa, kuma yana kwantar da kumburi. Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, ba a kuma cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Amma tun shekaru kafin nan sinadarin yake hawa yana sauka, shi ya sa gwiwata ta riga kalandata sani. Hujjar da ta fi kama hankalina ita ce ta masu sankarar mama: akwai magungunan da ake ba su don a murƙushe istirojin a jiki, kuma ciwon gaɓoɓi na cikin manyan koke-kokensu, har wasu kan ajiye maganin saboda shi. A 2024 wata likitar ƙashi a Amurka, Vonda Wright, da abokan aikinta suka wallafa cewa sama da kashi 70 cikin 100 na matan da ke ratsa wannan zango suna fama da ciwon gaɓa ko tsoka ko ƙashi. Ashe ni da yayata cikin taro muke, kowacce ta rufe ɗakinta tana cewa sanyi ne.

Aka tura ni sashen gashin ƙashi. Na tafi da zaton za a kwantar da ni a yi mini tausa. Wani matashi na tarar, sa'an ɗana. Ya ajiye kujera a tsakar ɗaki ya ce, "Mama, ki zauna ki tashi, kada ki dafa komai." Sau huɗu na yi, a na biyar cinyoyina suka kama rawa. Kunya ta rufe ni. Ya ce ba gwiwar ce ta gaza ba, cinya ce ta tafi hutu ta bar mata kaya. Watannin da na kwashe ina lallaɓa kaina su suka zubar da tsokar, ga shi dama tsoka raguwa take a waɗannan shekaru. Ya ƙara da abin da ban taɓa ji ba: guringuntsi ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Daga ruwan gaɓa yake ci, kamar soso, in an matsa ya fitar, in an saki ya tsotsa. Hutun da nake ba gwiwata horon yunwa ne.

Abin da ya rubuta mini bai cika rabin takarda ba. Tashi daga kujera sau 5, safe da yamma. In dafa bango da tafin hannu in riƙa tura jikina. In riƙe bayan kujera in ɗaga dunduniya. Ga kafaɗa, in sunkuya in saki hannu yana lilo, sannan in riƙa hawa bango da yatsu kamar gizo-gizo. Tafiya minti 10. Sai ƙa'ida guda da har yau nake aiki da ita: ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba laifi ba ne, muddin ya koma yadda yake kafin awa 24. In washegari ya fi jiya, ko gaɓa ta kumbura, to na wuce gona da iri, in rage amma kada in daina.

Makonni biyun farko Allah kaɗai ya san irin zagin da kujerar nan ta sha a zuciyata. A na uku na ji dama-dama, zumuɗi ya kwashe ni na yi tafiyar awa guda a rana ɗaya, na yi kwana uku ina ɗingishi da kumburarriyar gwiwa. Na koma ina cika ina batsewa. Ya bar ni na gama, ya ce, "Mama, ai ba tsere ake ba," ya mayar da ni minti 10. Sai wajen mako na takwas na ga abin da zan kira canji, ranar da na tsinci kaina a saman bene ban ƙirga matakala ba. Daga nan aka ƙara mini robar ja, sannan ƙananan ƙarafa. Na yi kusan wata shida kafin in kai abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga babba, wato aƙalla minti 150 a mako na motsi mai ɗan sa haki, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Da za a ce in zaɓi ɗaya, kwana biyun nan zan riƙe. Tafiya ta gyara mini numfashi da barci, amma ɗaga nauyi ne ya dawo mini da gwiwa.

A cikin shekarar na sauke kilo 6. Ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da na ji lissafin wani bincike na 2005 a Amurka: duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 na nauyi a kowane taku. A ninka da takun yini guda.

Akwai ƙananan dabaru da suka zauna mini. Kafin in sauko daga gado ina juya idon sawu, in naɗe gwiwa in miƙe, in dunƙule hannu in buɗe. Ruwan ɗumi ga ƙagewa, abu mai sanyi a cikin tawul ga kumburi. Ba na zama fiye da rabin awa ban miƙe ba. Ranar da gwiwa ta matsa, dikilofenak na shafawa nake amfani da shi, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Gulukosamin kuwa, ƙwayar da ake sayarwa don ciwon gaɓoɓi, wata shida na sha ban ga komai ba, daga baya na ji cewa babban gwajin da aka yi a Amurka a 2006 kan mutum sama da 1,500 masu ciwon gwiwa bai nuna ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba, in aka ɗauke su jimla. Bitamin D da kalsiyam ina kula da su, amma don ƙashi, ba don su ne za su saki gaɓa ba.

Maganar maganin da ke maye gurbin istirojin ita ta fi ba ni wahalar yanke shawara. Tsoronsa ya samo asali ne daga 2002, lokacin da aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata na Amurka, Women's Health Initiative, saboda ƙaruwar sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai matan da ke cikinsa matsakaicin shekarunsu 63 ne, kuma nazarin da aka yi daga baya ya nuna lissafin ya fi kyau ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba. A ɓangaren gaɓoɓi, cikin mata sama da 10,000 da aka cire wa mahaifa, bayan shekara guda kashi 76 na masu shan istirojin ne suka ce suna jin ciwo, waɗanda ba sa sha kuma kashi 79. Sauƙi ne, amma ba na a buga ganga ba. Likitata ta ce ba don gwiwa kaɗai za ta ba ni ba. Gumin dare ne ya sa muka fara, ina da shekara 50, bayan jinina ya daidaita kuma ta tabbatar ban taɓa sankarar mama ko daskarewar jini ba. Irin wanda ake manna wa fata ta zaɓa mini, domin haɗarin daskarar da jini ya fi ƙanƙanta a kansa fiye da na haɗiya, ta haɗa da furojestaron, wani sinadarin jikin mace mai kare mahaifa, tunda mahaifata na nan, don istirojin shi kaɗai yana iya jawo sankarar mahaifa. A wurina ta hanyar barci ya fi taimakawa. Daren da na yi barci sosai, washegari ciwon ma da ladabi yake zuwa.

Abu ɗaya ta ja mini kunne a kai: gaɓa guda ta kumbura ta yi ja ta ɗauki zafi, musamman da zazzaɓi, wannan ba na kujera da ruwan ɗumi ba ne, a ranar ake zuwa asibiti.

Yanzu shekarata 52. Kafaɗa ta ci shekara ɗaya da rabi kafin ta sake ni, kuma har yau hannun hagu bai kai inda na dama ke kaiwa ba. Gindin babban yatsana na dama yana nan da halinsa, murfin kwalba mai tauri sai in miƙa wa wani. Kwanakin baya na yi tafiyar mako uku ban taɓa roba ko ƙarfe ba, ina dawowa ƙagewar safe ta tarye ni a bakin gado. Na jawo kujerar na fara daga biyar. Yayata, da ta yi shekara biyu tana mini dariya wai na koma 'yar wasa, ta kira ni shekaranjiya tana tambaya ko kujera mai hannu ma za ta yi.