Ranar da na karya taf ɗin Baba

Asabar, bayan isha'i.

Na wanke hannu da omo sau biyu, har yanzu warin baƙin mai bai fita ba. Niyyata yau in zauna in duba takardun jarrabawar lissafi na 'yan aji uku, amma ko jan biro ban buɗe ba. Ina dawowa daga masallaci da asuba Umma ta kira, wai injin markaɗe a kashe ya kwana, ga robobin mata a jere a zaure tun jiya, masu ƙosai har sun fara ɗauke nasu suna kaiwa bayan layi.

Injin nan ya girme ni. Tsohon Lista ne mai silinda ɗaya da manyan ƙafafu biyu, marigayi mahaifinmu ya saye shi na hannu. Abin da ya faru ba wani babba ba ne. Girgiza ta kwance ɗaya daga cikin notunan da ke riƙe da ƙafar tankin mai, ya faɗi ya ɓace a cikin dusa. Yaron da ke kula da injin ya je bakin titi ya sayo wani mai kama da shi, lamba goma, wato mai kaurin milimita goma. Ya ɗaura, ya yi zagaye biyu ya cije. Maimakon ya tsaya, sai ya zura bututu a sifana ya danna da ƙarfinsa. Haƙoran ramin suka ruguje, notin ya koma juyawa a banza. Ban yi masa faɗa sosai ba, don ni ma da ido ba zan bambance notunan biyu ba.

Na kwance ƙarfen gaba ɗaya na ɗaure a bayan babur, sai wajen Baba a Ƙofar Ruwa. Abokin mahaifinmu ne, kuma duk wani ciwon injin nan a hannunsa ya warke. Muka gaisa, ya tambayi Umma da yara, sannan ya karɓi ƙarfen ya leƙa ramin. Ya ce in ba shi ɗan'uwan notin da ya ɓace. Ya ciro wani ma'auni mai ganyaye kamar mataji, kowane ganye da girman haƙoransa, yana ɗorawa a kan notin yana ɗagawa sama saitin haske. A ganye na uku haske ya daina ɓullowa.

"Ka gani ko, Malam? Uku bisa takwas, haƙori goma sha shida a inci. Na Ingila ne. Yaronku ya aura masa matar da ba tasa ba."

Nan malamin lissafin da ke cikina ya motsa, na ja alli a ƙasa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, a raba shi gida 16, kowane haƙori ya ci wajen milimita 1.59. Na lamba goma kuwa 1.5 ne. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, shi ya sa zagayen farko da na biyu suke yaudarar mutum. Amma kowane zagaye ratar ƙaruwa take, ga shi sabon notin ya fi tsohon kauri da kusan rabin milimita. Har kusurwar haƙorin ba ɗaya ba ce: na Ingila digiri 55, na milimita digiri 60.

Harafin W ɗin da ke jikin ganyen ma'aunin sunan mutum ne, Joseph Whitworth. Kafin 1841 kowace masana'anta a Ingila irin tiredinta, wato haƙoran noti, take yankawa, notin wannan ba ya shiga na waccan. Shi ya tattaro samfura daga wurare daban-daban ya fitar da tsaka-tsaki, ya tsayar da digiri 55. A 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60, wanda ya fi sauƙin yi. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna musu wahalar gyaran kayan juna, sannan Amurka da Birtaniya da Kanada suka haɗu a kan tsari ɗaya a 1949. Na ba Baba wannan labari ina jin kaina. Ya ce shi bai san Baturen ba, abin da ya sani shi ne rabin inci na Ingila haƙori 12 ne, na Amurka 13, kuma wannan haƙori ɗayan ya sha ɓata wa mutane aiki a gabansa.

Tunda ramin ya riga ya ci, shawararsa a faɗaɗa shi a yanka sabon tiredi lamba 12, wanda za a samu notinsa ko'ina. Ya ce wa yaron shago ya kawo bit, wato bakin huda rami, mai kaurin 10.2. Na ce ai ƙa'idar mai sauƙi ce, a cire tazarar haƙori daga kaurin noti: 12 a debe 1.75. Ya dube ni ya karanto kamar mai tilawa: shida da biyar, takwas da 6.8, goma da 8.5. Na gwada a zuci, duk sun faɗa daidai. Ramin da aka huda haka ba ya ba da cikakken zurfin haƙori, kusan kashi uku cikin huɗu yake bayarwa, kuma da gangan ne. In ka matse ramin don haƙori ya cika, ƙarfin riƙon da za ka ƙara kaɗan ne, wahalar murɗawa kuwa ta ninku.

Daga nan ne na jawo wa kaina. Na ce, "Baba, ku bar ni in yanka da hannuna."

Bai hana ni ba. Sai dai ya ce ba a koyon aski a kan sarki, ya ɗaure wani guntun ƙarfe a bayis, aka huda shi da bit biyar, ya buɗe akwatin katakonsa ya miƙo mini ƙaramin taf lamba shida, ƙarfen da ake yanka tiredi da shi a cikin rami. Na waiga na ɗauko mariƙi mafi tsawo da na gani a kan teburi, don a ganina shi zai fi sauƙi. Na ga ya kalli mariƙin ya kalle ni, bai ce komai ba. Na ɗiga mai, na fara. Zagayen farko daɗi, na biyu daɗi, ƙarfe yana yankuwa kamar sabulu. A na huɗu na ji ya ɗan yi nauyi. Na san an ce a riƙa komawa baya, na sha ji. Amma na ce bari in ƙarasa wannan zagayen tukuna.

Ƙas!

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken tsire ba. Mariƙin ya zo hannuna sakayau da rabin taf a bakinsa. Yaran shagon duk suka sami abin yi a can ƙuryar, ina jin ɗaya yana tari na ƙarya.

Baba ya kwance guntun ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in dubi wurin da ya karye. Tun da nake ban taɓa kallon taf ta ciki ba. Ba da'ira ba ce. Kamar ganye mai kunne uku yake, tsakiyar da ta haɗa su kuwa siririya, da kaɗan ta fi tsinken ashana biyu a haɗe. A kan wannan 'yar tsakiyar na ɗora mariƙi mai tsawon kamu biyu.

Abin da na fahimta yau, wanda ya sa nake wannan rubutu maimakon in kwanta, shi ne taf noti ne da aka rage wa jiki, kuma duk aikinsa a wuraren da aka rage ɗin yake. Kwarin nan da aka ƙwaƙule a tsawonsa, Baba lambatu yake ce musu. Su suka katse haƙoran suka ba su baki mai kaifi, in babu su noti ne kawai, sai dai ya murje. Su ne kuma wurin da ɓarɓashin ƙarfe yake taruwa. To ga inda mai ƙera shi yake shiga tsaka mai wuya: in ya zurfafa lambatun don ɓarɓashi ya sami wuri, tsakiyar ta sirance, in ya bar tsakiyar da kauri, lambatun ya cika da wuri ya toshe. Komawa bayan da na raina, rubu'in zagaye ko rabi bayan kowane zagaye, ita ke karya ɓarɓashin ya gutsure kafin ya nannaɗe ya cushe. Ni na bar shi ya cika, na kuma ƙara ƙarfi.

Ya ba ni magagari ya ce in goga a jikin guntun taf ɗin. Zamewa kawai yake, ko alama bai bari ba. Dole taf ya fi abin da zai yanka tauri, kuma ƙarfen da ya kai wannan taurin ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, sai dai ya tsinke. Gargaɗin a yatsu yake zuwa, shi ya sa ƙananan taf suke da ɗan mariƙinsu gajere. Dogon da na ɗauka ya ba ni ƙarfi ya ɗauke mini ji. Ya ce in gode wa Allah a guntun banza ne. Da a jikin injin ne, bit ba ya huda taf, sai dai a yi waldar noti a kan abin da ya leƙo, ko a bi shi da ƙusa ana farfasawa, yini guda.

Wani abin da ban sani ba: ashe ba duka haƙoran ne ke yanka ba. Na bakin ne kawai, inda aka fiƙe, sauran rakiya suke suna riƙe hanya. A bayan kowane baki kuma an ɗan zaftare, don kada ya riƙa gugar bangon ramin. Ya jera mini 'yan ukun lamba 12 a kan tsumma. Na farko an fiƙe haƙora kamar takwas, aikin ya rabu a kansu, kowanne ya ɗan ɗebi kaɗan, shi ya sa yake shiga a miƙe. Na biyu kamar huɗu. Na uku ɗaya da rabi ko biyu, bakinsa kusan a datse, don ya kai tiredi har gindin ramin da bai ɓulle ba. Yana da wani saitin kuma mai zobe a wuya, zobe ɗaya, zobe biyu, da marar zobe. Su a kauri ma suka bambanta, sai na ƙarshen ne ke cika girman. Taf mai lambatu irin wannan ana danganta shi da Joseph Clement na Landan tun 1828, kuma Whitworth ya yi aiki a shagonsa. Kusan shekara ɗari biyu ke nan siffar ba ta sauya sosai ba.

Bayan azahar ya yi ainihin aikin, ni ina riƙe da fitila. Bai sa mai ba. Ya ce ƙarfen zubi a bushe ake yanka shi, mai cakuɗa garin yake ya zama laka. Ga alminiyam kananzir, ga ƙarfe na yau da kullum mai. Ya auna zurfin ramin da tsinke, ya ɗaura zare a jikin taf daidai nan. Zagaye biyu na farko ya fi daɗewa a kansu fiye da sauran aikin duka: ya murɗa, ya cire mariƙi, ya kafa sukwaya ta gaba, ya kafa ta gefe. In ya shiga a karkace a nan, babu gyara a gaba. Garin da ke fitowa baƙi ne lukui kamar kwalli. Kafin kowane taf sai ya kife ƙarfen ya bubbuga ya hure ramin. Da ya zo na ukun, da yatsu biyu kawai yake juyawa, zaren yana taɓa bakin ramin ya tsaya cak.

Sauran namijin notin. Babu mai tsawon da muke so, sai ya yanko rodi mai kaurin 12, ya fiƙe bakin da magagari, ya miƙo mini dayis, abin yanka tiredi a jikin rodi, ya ce, "Bismillah, Malam. Wannan ba ya karyewa da sauƙi." Dayis ɗin macen noti ce da aka huhhuda mata ramuka a gewaye, su ne nata lambatun, gefe ɗaya kuma bakinta a buɗe don ta kama rodi. An tsaga ta a waje ɗaya, mariƙin yana da sukurori uku. Na tsakiya yana shiga tsagar ya buɗe ta, na gefe biyu su matse. Wannan dabara ta burge ni fiye da komai, don taf yadda aka ƙera shi haka zai yanka, dayis kuwa kai za ka ce masa ga iyakarsa. Na bi sau ɗaya a buɗe, aka gwada noti ya cije. Ya sassauta na tsakiya ya ɗan matse na gefe, na sake bi. A karo na biyu notin ya tafi da yatsa har ƙasa, ba girgiɗi. Na koma baya a kowane zagaye, har yaran suna ƙirga mini.

Ina cikin yi ya ce kada in ɗauka na Ingilar ya mutu. Bututun ruwan gidanmu da kan famfo duk digiri 55 ne har gobe, rabin inci haƙori 14, shi masu aikin famfo ke yankawa da babban dayis ɗinsu.

Kafin in tafi ya ɗauki ƙarfen buga lamba ya buga 12 a gefen ramin. Ya ce yanzu injin yana da baƙo ɗaya a cikin 'yan gida, kada wani ya zo bayanmu ya yi irin ta yaronmu ta ɗaya gefen. Kuɗin aiki ya ƙi karɓa, wai tsakaninsa da mahaifinmu ne. Taf ɗin dai ya ce sai na biya, kuma in duba wanda aka rubuta HSS a jikinsa, alamar irin ƙarfen da aka yi shi da shi, na farkon mai dogon baki.

Da la'asar sakaliya injin ya tashi. Umma ta leƙo ta ce Allah ya yi albarka, ta tambayi abin da ya tsayar da ni tun safe a kan noti ɗaya. Na ce mata layi na tarar. Guntun taf ɗin yana aljihun rigata, dole in tuna in cire kafin a kai wanki. Litinin in an tashi daga makaranta zan biya kasuwa. Takardu 63 suna nan a kan tabarma.