Abin da na koya game da maganin PRP a ɗakin wankin ciwo

Masu gyambo da muke gani a ɗakin wankin ciwo, inda nake aikin jinya, galibinsu kashi uku ne: masu ciwon suga da tafin ƙafarsu ya fashe, masu amosanin jini da miki ke fito musu a kusa da idon sawu, da kuma waɗanda jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya suka yi rauni. Yawancinsu sai sun sha fama da maganin gida da na kemis kafin su iso wurinmu, don haka da zarar sun ji labarin PRP, maganin miki da ake haɗawa daga jinin majinyacin kansa, sukan ɗora masa dukkan burinsu.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗibar jinin majinyacin, kimanin mililita 20 zuwa 60, a sa shi a injin da ke juya shi da ƙarfi har jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya taso sama ɗauke da ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 na waɗannan ƙwayoyi a kowace maikrolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) ta jininsa, kuma abin da ake nema shi ne a ninka yawansu sau uku zuwa biyar. Su ne ke sakin sinadarai irin su PDGF da VEGF, masu sa sabon nama da ƙananan hanyoyin jini su tsiro. Wannan ruwan da aka tara ƙwayoyin a cikinsa shi ne PRP, kuma idan aka ƙara masa sinadarin kalsiyam sai ya yi kauri kamar kunu, a shimfiɗa shi a kan mikin a rufe.

Babban abin da aikin ya nuna mini shi ne PRP ba ya tsinana komai a kan mikin da ba a gyara ba. Ƙafar mai ciwon suga takan zo da rami a tafinta, kewaye da fata mai tauri, cikinsa da mataccen nama mai ruwan toka da mugunya. Dole a kankare mataccen naman har a ga ja mai ɗigar jini, a magance ƙwayoyin cuta, a tabbatar jini na isa ƙafar, a daidaita suga, sannan a hana majinyacin taka wurin, wanda shi ne mafi wuya ga magidancin da abincin iyalinsa ke kasuwa. Mai raunin jijiya kuwa, in ba a ɗaure masa ƙafa da bandeji mai matsewa ba, kumburi zai ci gaba da buɗe mikin.

Binciken da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, ta fitar a 2016 ya nuna cewa PRP na iya taimaka wa gyambon ƙafar masu suga, amma hujjar ba ta da ƙarfi, kuma ba a ga amfaninsa a fili ba a gyambon jijiya. Saboda haka nake ganin wajibi ne a faɗa wa majinyaci gaskiya kafin ya sayar da akuya ko ya ci bashi. Na fi yin taka-tsantsan da masu amosanin jini, domin da ma jininsu kaɗan ne, kuma ɗibar sa a kai a kai ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a taɓa jijiyarsu, sai likita ya duba sakamakon gwajin jininsu ya amince.