Shekara biyu ina raba kaya tsakanin dutse da bariki

Ranar da aka ce mini aikin yana gundumar El Paso, na ɗauka El Paso ta Texas ake nufi, wadda ke bakin iyakar Meziko. Har na yi wa uwargida albishir cewa mun rabu da sanyi. Ashe wata El Paso ce daban, a jihar Colorado ta Amurka, hedikwatarta birnin Colorado Springs, a gindin dutsen Pikes Peak. Sunan da Sifaniyanci yana nufin mashigi, saboda Ute Pass, hanyar da ta ratsa tsakanin duwatsu ta yi yamma. Rigunan sanyin da na ƙi saya su muka fara nema da muka sauka.

Aikina raba kaya gida-gida ne a motar kamfani, kuma mai wannan sana'a yakan riga ɗan gari sanin gari. Sai dai kafin in san hanya, jikina ne ya fara ba ni labari. Birnin yana kan tudu mai tsayin mita 1,839 daga bakin teku. Ni da nake ɗaukar kwali biyu a kafaɗa ina waƙa, a makon farko bene hawa biyu ya sa na tsaya ina haki kamar wanda kura ta koro. Ga haɓo da asuba, ga leɓe yana tsagewa kamar a tsakiyar hunturu. Wani dattijo ɗan Damagaram da muka haɗu a masallaci ya dube ni ya yi dariya. "Ɗana, ba ciwo ba ne, iskar ce ba ta da kauri. Ka yi ta shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, ka shafa man kaɗanya, ka ba jikinka mako uku." Na ce, "To, Baba." Haka kuwa aka yi.

Uwargida ita da wake suka yi rigimarsu. A wannan tsayi ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da aka saba ba, sai ka ga tukunya tana ta ɓararraka amma wake yana nan kamar tsakuwa. Ta zargi waken, ta zargi murhun, daga baya ta koma ga kanwa da jiƙo tun dare, aka zauna lafiya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne yadda soja suka riƙe garin. A ƙidayar 2020 an samu mutum 730,395 a gundumar, ta zarce Denver, babban birnin jihar, mai 715,522, wato ita ce ta fi kowace gunduma jama'a a jihar. Kuma duk inda ka juya akwai shinge da ƙofa da mai kaki. A kudu akwai Fort Carson, barikin sojan ƙasa da aka kafa a 1942, mazaunin runduna ta 4 ta sojan ƙafa. A arewa akwai makarantar horar da hafsoshin sojan sama. Kusa da filin jirgi ga sansanin Peterson, inda hedikwatar NORAD take, rundunar haɗin gwiwar Amurka da Kanada mai gadin sararin samaniyarsu tun 1958. A cikin dutsen Cheyenne kuwa rami aka haƙa, aka gina ofisoshi a ciki lokacin yaƙin cacar baka, don ko an jefa makamin nukiliya su ci gaba da aiki. Can gabas a fili fetal akwai Schriever, inda ake sarrafa taurarin ɗan'adam na GPS. Wannan ya daɗe yana ba ni dariya: matar da ke cikin wayata tana cewa in yi dama in yi hagu, ashe masu riƙe da linzaminta maƙwabtana ne.

Ita ce ma ta taɓa kai ni ƙofar wani bariki, wai ta nan ya fi kusa. Ba ni da takardar shiga, ga motoci sun yi layi a bayana. Wani yaro mai bindiga, da ƙyar in ya kai ashirin, ya karɓi lasina cikin ladabi, ya nuna mini inda zan juya. Minti arba'in na yi asara, kuma laifina ne. Tun daga ranar, duk adireshin da ya yi kusa da shinge sai na duba taswira da idona kafin in tayar da mota.

Inda na sha wuya sosai shi ne haya. Mun iso a watan Yuni, ban san cewa lokacin ne ake yi wa soja canjin wurin aiki ba. Daga ƙarshen bazara zuwa Agusta, manyan motocin kwasar kaya cike suke da unguwanni, wasu na fita wasu na shigowa. Kuma kowane soja mai zama a waje da bariki yana da kuɗin gida da gwamnati ke ba shi, gwargwadon muƙaminsa, masu gidaje kuwa sun san adadin sarai. Sai ka je kallon gida ka tarar mutum huɗu sun riga ka, kuɗinsu tabbatacce, kai kuma sabon zuwa da takardar albashi ɗaya. Na kama gida mai tsada don dole. Da shekara ta zagayo na nemi a tsawaita mini zuwa Nuwamba, sannan na sake nema, na samu mai sauƙi a wajen Fountain, wani gari kusa da Fort Carson, inda wani lokaci tagogi ke karkarwa idan ana atisayen manyan bindigogi. Daren farko uwargida ta tashi tana salati. Bayan wata guda ko juyi ba ta yi.

Amma hannun da ya mare ka shi ke ba ka. A daidai wannan lokaci na canji, iyalai kan baza kayansu a bakin gareji ranar Asabar, domin akwai iyakar nauyin da ake kwasar musu. Kujerunmu, gadon yara, keke, har injin wanki, duk a nan na same su a kuɗin da ko kunyar faɗa nake ji.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne zafin rabuwa. Maƙwabcina na farko saje ne, shi ya koya mini kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa tun kafin a taka ta ta daskare, kuma 'ya'yanmu tare suke shiga motar makaranta. Wata tara ya yi ba ya nan, matarsa ita kaɗai da yara uku; uwargida takan aika musu da shinkafa da miya, su kuma su aiko da kek. Ya dawo, muka yi murna, ba a jima ba takarda ta zo, suka yi gaba. Ɗana ya kwana biyu ba ya cin abinci. Na lura 'ya'yan soja ba sa ɓata lokaci wajen ƙulla abota, ranar farko ake gamawa, don sun san zaman ba mai tsawo ba ne. Mu da muka saba sai an ci gishiri tare shekaru kafin a saki jiki, dole muka rage nawa.

Shi dutsen kuma yana da nasa dokokin. Ba ka ɓata a garin nan, duk inda ka ga duwatsu nan ne yamma. Amma a azumin farko sun kusa yaudarata: rana ta faɗa bayan Pikes Peak, unguwa ta yi inuwa, na ɗauki dabino. Uwargida ce ta riƙe hannuna ta nuna mini jadawali, da sauran lokaci. A watannin zafi kuma hadari yakan taso daga kansu bayan azahar, ya zubo ƙanƙara mai lotsa mota, shi ya sa nake ƙoƙarin gama unguwannin yamma da safe. Wuta ma ba wasa ba ce. A 2012 gobarar Waldo Canyon ta cinye gidaje 346, a shekara ta gaba ta Black Forest ta ci fiye da haka. Idan na kai kaya can, nakan ga sababbin gidaje tsaye cikin baƙaƙen kututture.

Masu zuwa yawon buɗe ido suna tsayawa a Garden of the Gods, jajayen duwatsun da aka ba birnin kyauta a 1909 bisa sharaɗin kada a karɓi kuɗin shiga, su ɗauka sun ga gundumar. Ni rabin aikina gabas ne, wajen Peyton da Calhan, fili shimfiɗe da shanu da iska, babu abin da ke tare ido. Idan na tsaya shan shayi a can, nakan tuna hanyar Damagaram da Baba ke yawan ba da labari.

Sau ɗaya na hau Pikes Peak da iyali, mita 4,302, a motata. Hawan bai dame ni ba kamar saukowa. Na ɗora ƙafa a birki tun daga sama, sai a tsakiyar hanya jami'in da ke auna zafin birki ya tsayar da mu, ya ce mu faka har ya huce, in kuma koma ƙaramin giya. Muka zauna rabin awa a gefen titi, yara suna cin cincin, uwargida tana kallona ba ta ce komai ba.