Kwana Uku a Ƙasar Ganyen Taba

Ni ba na shan taba, ban kuma taɓa kai ta baki ba, amma a cikin warinta na tashi. Kakana yana da 'yar fadama a bayan garinmu a ƙasar Zazzau, inda yake dasa taba da rani. Ganyen a shanya a zaure, wani a daka da kanwa a yi asara, wani tsofaffi su cusa a lofe, furen kuma matan gida su goge haƙora da shi bayan sun ci goro. Taba a wurinmu abin kwabo da ɗari ce. Shi ya sa na daɗe a tsaye gaban wani kanti a filin jirgin Istanbul, a hanyata ta zuwa Kyuba wajen ƙanena da ke karatun likita a Habana. A cikin wani ɗakin gilashi mai sanyi aka jera akwatunan katako na tabar nan mai kauri, naɗin ganye zalla, irin wadda muke gani a bakin Fidel Castro a tsofaffin hotuna. Na lissafa kuɗin kara ɗaya, na ga ya sayi buhun masara a kasuwar Dawanau har da canji. Tambayar da ta bi ni cikin jirgi ke nan: me ke cikin ganyen nan da babu a na kakana?

Kwanana biyu a Habana wani saurayi ya tare mu kusa da babban ginin nan na Capitolio, yana raɗa "Cohiba, amigo", wato yana tallar Cohiba, fitacciyar tabar Kyuba. Ya ce gwaggonsa a masana'anta take aiki, ita ke fito masa da su. Akwai abokin aikina da ya roƙe ni wannan tsarabar, don haka na sayi kara biyar, kowanne da zoben takardarsa mai ruwan ɗorawa da baƙi. Ƙanena ya yi shiru har muka bar wurin, sannan ya ce, "Yaya, ka ajiye su. Jibi za mu tafi yamma, a can za a gaya maka abin da ka saya."

Motar haya muka shiga, tsohuwar ƙirar Amurka ta shekarun 1950 da aka dasa wa injin dizal. Daga Habana zuwa Binyales, wani kwarin noman taba a yammacin ƙasar, kusan kilomita 180 ne, titi mai faɗi amma motoci jefi-jefi, sai keken doki a gefe da mutane a inuwar gadoji suna ɗaga kuɗi ko wani zai tsaya ya ɗauke su. Bayan kamar awa uku muka gangara cikin kwarin. Duwatsu ne masu kan tulu, kowanne tsaye shi kaɗai, kore shar daga gindi har ƙoƙuwa, a ƙarƙashinsu jar ƙasa da shanun huɗa bibbiyu suna jan garma. Da na ga shanun sai na ji kamar ina Soba ko Maƙarfi da damina. Hukumar UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma har da wannan tsohon salon noma cikin dalilan.

Mai gidan da muka sauka ya haɗa mu da wani dattijo manomi. Watan Fabrairu ne, tsakiyar girbi. Ya shiga da mu cikin gona, taba ta kai mini ƙirji, ya kama gindi ɗaya yana nuna mini daga ƙasa zuwa sama, ƙanena yana fassara. Ganyen ƙasa sunansa volado, ba shi da ƙarfi, amfaninsa cin wuta. Na tsakiya seco, shi ke da ƙamshi. Na sama, wanda ya fi shan rana, shi ne ligero, mai kauri, mai maiƙo, a nan ƙarfin yake. Wasu tsirarun gindaye kan fitar da ƙananan ganye biyu can a ƙoli, medio tiempo, wanda ake sa wa Cohiba Behike, tabar da aka fito da ita a 2010. Ashe gindi ɗaya kamar kasuwa ne, kowane layi da hajarsa.

Na duba ban ga fure ko ɗaya ba, na tambaya. Ya ce da zarar toho ya leƙo ake ƙwaƙule shi da farce, haka ma 'ya'yan reshe da ke fitowa a hammatar ganye, don duk abincin ya tafi ga ganyen. Na ba shi labarin matan gidanmu da furen taba, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce da sun zo gonarsa da sun koma hannu rabbana. Iri kuwa tun wajen Oktoba ake yafa shi a bedi, bayan kamar kwana 45 a dasa. Girbin ma ba yanka gindi ake yi ba: ganye biyu ko uku ake tsinka daga ƙasa, a bar sauran kamar mako guda, a dawo.

Rumfar shanya ce ta fi tsaya mini a rai. Dogon ɗaki ne mai tsinin rufi, katakonsa sabo fari. Tsohuwar, in ji shi, guguwar Ian ce ta kwashe ta a watan Satumban 2022, tare da dubban irinta a lardin Pinar del Río. A ciki duhu ne da ɗumi. Matarsa da 'yarsa suna zaune da doguwar allura suna soke ganye bibbiyu a zare, a rataya a kan sanda, a ɗaga sandar sama. Na ƙasa kore ne, na tsakiya rawaya, na can sama kusa da rufi ya koma ruwan ƙasa kamar fatar da aka jeme a Majema. Kimanin kwana 50 ganye ke yi a nan, ba wuta, ba hayaƙi, iska kawai. In rana ta yi zafi ganye zai bushe da korensa, in laima ta yi yawa ya yi fumfuna, don haka aikin manomi shi ne buɗe ƙofa da rufe ta, dare da rana. Na rufe ido na shaƙi warin, sai ga zauren kakana a gabana.

Amma a nan hanyarsu ta rabu da tamu. Mu in ganye ya bushe an gama. Su kuwa sai a tara shi tuli-tuli a lulluɓe, ya ɗauki zafi da kansa kamar yadda kalwa ke yi kafin ta zama daddawa. Zafin nan ke fitar da ɗaci da warin da ke shaƙe maƙogwaro. Ana sa ido a kansa, in ya yi yawa a rushe tulin a sake jerawa. Bayan an tantance an cire jijiya, sai a sake tarawa karo na biyu, sannan a ɗaure a ajiye. Ganyen ligero yakan yi shekara 2 ko fiye a ajiye kafin hannun mai naɗi ya taɓa shi. Karan da mutum zai ƙone cikin awa ɗaya, an fara aikinsa tun kafin a yaye yaron da yau yake gudu a tsakar gida.

A nan na fito da tsarabata. Dattijon ya karɓi kara ɗaya, bai ko kalli zoben ba. Ya murza shi tsakanin yatsu daga kai zuwa gindi, ya ce nan tauri, nan rami. Ya ɗauko wuƙa ya tsarge shi a tsaye a kan tebur. Abin da ya zubo guntaye ne kamar sharar ɗaki, da ƙaya-ƙayan jijiya, da wani ganye da ya ɗaga ya shinshina ya ce wannan ba taba ba ce ma. Raina ya ɓaci, ba don kuɗin ba, don abin da na kusa miƙa wa mutum ya zuƙa. Sai ya ɗauko nasa naɗin ya tsarge shi haka nan. Ganyaye ne cikakku, kowanne tun daga wannan baki har wancan, ya ware su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur kamar ana buɗe rawani. "Wannan shi ne tripa larga," in ji shi, wato ciki na dogon ganye. Ya ce akwati da zobe kowa na iya bugawa, ciki ne ba ya ƙarya.

Washegari muka nufi San Luis da San Juan y Martínez, kudu maso yammacin birnin Pinar del Río. Binyales ta fi kyan gani, amma nan ne zuciyar Vuelta Abajo, ƙasar da masana suka yarda babu kamarta wajen taba. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yashi-yashi, ba abin da zai ja hankalin mai ɗaukar hoto sai fararen rumfunan yadi da suka rufe gonaki sukutum. A ƙarƙashin yadin ake noman capa, ganyen da ke zama rigar waje. Inuwa ke sa shi ya yi faɗi da laushi, jijiyarsa ta yi siriri. Na ɗaga ɗaya da aka jiƙa, yana miƙewa a hannu kamar fatar ɗan akuya, ina hango yatsuna ta bayansa. Tabo ɗaya ko hujin tsutsa ya isa a sauke shi daga wannan matsayi. A yankin nan gonar Alejandro Robaina take, manomin da aka sa wa wata taba sunan gonakinsa, Vegas Robaina, a 1997. Ya rasu a 2010 yana da shekara 91, iyalinsa na ci gaba da noma wurin.

A birnin Pinar del Río muka shiga masana'antar Francisco Donatién. Layuka ne na tebura, yawancin masu naɗin mata, kowacce da allon katako da wata wuƙa mai faɗi marar ƙota da suke kira chaveta. Na tsaya bayan wata mata na kasa tafiya. Ta ɗauki ganyen ciki ta ninke kowanne yadda iska za ta sami hanya, ligero a tsakiya saboda shi ya fi jinkirin ci, ta naɗe su da ganyen ɗauri, capote, ta sa a mazubin katako aka danne. Sannan ta shimfiɗa rabin ganyen capa, ta yanke gefensa da jan wuƙa ɗaya, ta mirgina karan a kai yana miƙewa ba ko alamar tattara. Ta dangwali ɗan ƙaro marar wari da ɗan yatsa, ta yanko ɗan da'irar ganye ta rufe kan. Ba sikeli a gabanta, hannunta ne ma'auni, ko da yake akwai masu bi daga baya suna auna nauyi da kauri, da na'urar da ke gwada ko iska na wucewa. Koyon aikin wata 9 ne, kuma gwani kan naɗa tsakanin 60 da 150 a yini, gwargwadon girman karan. Tun 1865 masana'antun Kyuba ke da al'adar ajiye mai karatu da ke karanta wa ma'aikata jarida da littattafai suna aiki. Bayan naɗi sai a kai tabar ɗakin hutu mai sanyi, sai mai tantance launi ya jera masu kama da juna a akwati guda, sannan a sa zobe. Zoben da ya ruɗe ni a Habana shi ne abu na ƙarshe da ake sawa.

Da dare a baranda na ce wa ƙanena ke nan gangariya sai ta Kyuba. Mai gidanmu ya girgiza kai. Ya ce bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin Amurka na 1962, manyan masu sana'ar da yawa sun fice da iri da ilimi zuwa Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaragua, yau garin Estelí na Nikaragua ma cibiya ce. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ya ambaci Kamaru: ganyen riga da ake nomawa a gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya yana cikin waɗanda ake ji da su a duniya, maƙwabtanmu ke nan, ban taɓa sani ba. A Amurka har gaban kotu maganar wace taba ce gangariya ta je, kuma ma'anar da aka yi aiki da ita ba ta ambaci ƙasa ko farashi ba: a naɗa da hannu, riga da ɗauri su zama ganye na gaske, aƙalla rabin cikin dogon ganye, ba matata a baki, ba ƙarin ɗanɗano, ba komai sai taba da ruwa da ƙaro. Kusan abin da dattijon ya nuna mini da wuƙa ke nan.

Ƙanena bai bar maganar ta wuce haka ba. A gonakin Binyales ana gaya wa baƙi cewa in an cire jijiyar tsakiya an cire yawancin nikotin. Ya ce, "Yaya, kada ka kai wannan labarin gida. Gangariya ce ko jabu, hayaƙi hayaƙi ne. Na ga masu ciwon dajin baki da na maƙogwaro a asibiti, kuma ba duka ne suka sha mai arha ba." Ya tuna mini cewa Castro kansa ya daina sha a 1985. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ban ga ya rage darajar aikin hannun matar nan ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ci mini rai wani ne daban. Dattijon ya gaya mana kashi 90 cikin ɗari na amfanin gonarsa gwamnati yake sayar wa a farashin da ta yanka, ragowar yake naɗawa ya sayar wa baƙi irina. Da na faɗa masa kuɗin da na gani a Istanbul bai ce komai ba, ya dai kalli tafin hannunsa da maiƙon ganye ya mai da baƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kakana ma haka na san hannunsa.

Ran da za mu koma na biya ta gonar in yi sallama. Na sayi ƙunshin naɗinsa guda goma, ba zobe, ba akwati, ɗaure cikin ɓawon dabinon daji, don abokin nawa. Ragowar huɗun na Habana ya karɓa ya watsa a bola. Muna cikin magana hadari ya taso ta bayan duwatsu, iska ta sauya. Ya saki hannuna a tsakiyar musafaha, ya ƙwala wa 'yarsa kira, suka ruga rufe ƙofofin rumfa kafin laima ta shiga ganyen.