Murhun gashi na biyu da na saya

Murhun gasa nama na farko da na saya bai kai shekara biyu ba gindinsa ya huje. Doguwar akwati ce ta ƙarfe a kan ƙafafu huɗu, ba murfi. Faɗinsa ne ya ja ni. Ina tsaye a gabansa ina lissafin cinyoyin kaza nawa za su jeru a kan ragar, ko ɗaga shi ban yi ba balle in ji nauyinsa. Da na ɗaga, da tun a wurin na gane ƙarfen falle ne marar kauri, irin wanda zafi ke lanƙwasawa.

Ranar da na fara aiki da shi na baza gawayi daga wannan kusurwa zuwa waccan, na jera kaza. Kitse ya soma ɗiga a kan garwashi, wuta ta tashi, kuma babu inda zan janye naman domin ko'ina wuta ce. Fata ta yi baƙi ƙirin, da aka yanka kusa da ƙashi sai ga ja. Waɗanda na gayyata sun yi kawaici, amma abin ya daɗe yana damuna. Na ɗauka hannuna ne bai faɗa ba, na yi ta gwadawa wata da watanni, abin bai sake zani ba. Ana haka ruwan sama ya sami tokar da na bari a ciki. Toka in ta jiƙe cin ƙarfe take yi, wannan kuwa ba shi da kaurin da zai jure.

Kafin in sake saye na zauna na tambayi kaina abin da ban tambaya ba da farko: me nake gasawa, kuma mutum nawa nake ciyarwa? Amsar ita ce mutum huɗu zuwa shida, yawanci kaza da kifi, jefi-jefi tsoka mai kauri. Taron mutum ashirin da na sayi babban murhu dominsa sau ɗaya aka yi shi a shekara biyun nan.

Na yi dogon tunani a kan mai aiki da gas, kuma har yau ba na kushe shi. Ka murɗa, ka kunna, cikin minti goma ya yi zafi, ba toka ba baƙin hannu. Wanda yake son ya gasa abu da yamma bayan ya taso daga aiki, shi ne daidai da shi. Sai dai kayan cikinsa suna da yawa, kuma kowanne yana iya lalacewa: bututun da wuta ke fitowa, robar gas, makunni. Dole a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar robar da tukunyar gas, in aka ga kumfa na tasowa to akwai yoyo. Ni kuma ƙanshin hayaƙin gawayi nake nema, shi ya sa na wuce. Na kuma ga irin na yumɓu mai siffar ƙwai, wanda ake kira kamado, sunan da ya fito daga Japan. Yana riƙe zafi awa da awanni da ɗan gawayi kaɗan, amma mutum ɗaya ba ya ɗaga manyansu, kuma in ya faɗi yana iya tsagewa.

Wanda na tsaya a kansa shi ne mai zagaye, kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya, faɗin ragarsa santimita 57. Wani Ba'amurke, George Stephen, shi ya fito da wannan siffa a 1952. A lokacin yana aiki a masana'antar ƙarfe ta Weber Brothers a Shikago, inda ake ƙera ƙwallayen ƙarfen da ake sa wa a kan ruwa don yi wa jirage alama. Sai ya raba ɗaya gida biyu, rabi ya zama gindi, rabi ya zama murfi, ya huda kafofin iska. Abin da ya dame shi shi ne abin da ya dame ni: buɗaɗɗen murhu wanda iska ke wasa da wutarsa.

Sai da na yi aiki da murfi na gane abin da na rasa a baya. Yanzu gefe ɗaya nake tara garwashi, ɗaya gefen in bar shi wayam. Nama marar kauri yana hawa kan wutar kai tsaye. Kaza mai ƙashi kuwa gefen da ba wuta nake ajiye ta, in rufe, zafi ya riƙa zagayawa yana dafa ta har ciki, sai a ƙarshe in matsar da ita kan garwashi fatar ta yi ja. In kitse ya tayar da wuta ba na yayyafa ruwa, janye naman nake yi in rufe, wutar ta kwanta don ta rasa iska. Kafar ƙasa ita ke shigar da iskar da gawayi ke ci: ka buɗe ta zafi ya ƙaru, ka rage ta ya sauka. Ta saman murfi ita ke jan hayaƙi waje, shi ya sa nake juya murfin har ta zo saitin naman, hayaƙin ya bi ta kansa kafin ya fita. In na gama na toshe su duka, gawayin ya mutu, ragowar ta yi mini amfani wani karon.

Da na je saye wannan karon ban ji kunyar taɓa kaya ba. Na girgiza shi in ga ko ƙafafun suna rawa. Na sa murfin na cire sau da yawa, domin in bakinsa bai haɗu da gindi ba iska za ta riƙa satar hanya, kafofin kuma sun zama ado. Na duba yadda ake kwashe toka, na zaɓi mai kwano a ƙasa da ake zarewa. Jikinsa an shafe shi da wani abu mai ƙyalli kamar tangaran, wanda ya fi fenti jure wuta da ruwa. Na tambayi mai kantin ko ana samun raga dabam in wannan ta ƙare, domin ita ke fara mutuwa. Na kuma tabbatar ba ƙarfen da aka shafa wa zinki ba ne, irin na kwanon rufi, don hayaƙin da yake fitarwa in ya yi zafi sosai yana cutar da mutum.

Ma'aunin zafin da ke manne a murfi bai kamata ya ruɗi kowa ba. Zafin iskar sama yake aunawa, ba na wurin da naman yake ba. Na sayi ƙarami mai tsinke da ake sokawa a cikin tsoka, kuma tun daga lokacin kaza ba ta sauka sai wuri mafi kauri ya kai digiri 74 a ma'aunin Selshiyos. Na haɗa da wani gwangwani mai mariƙi, buɗe sama da ƙasa, da ake cikawa da gawayi a kunna takarda a ƙarƙashinsa. Cikin minti ashirin garwashi ya kama, ba sai an zuba kananzir da warinsa ke bin nama ba.

Sau ɗaya hadari ya taso ina tsaka da gashi, wani daga cikinmu ya ce a ja murhun zuwa cikin gareji a ƙarasa. Na ƙi. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen wuri tana kisa, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Na rufe murfin, na rage kafar sama don kada ruwa ya shiga, muka koma ciki muna leƙensa ta taga. Da ruwan ya tsagaita na fita na soka tsinken, kazar ta nuna. Tokar kuma na bar ta kwana biyu ta huce sarai, sannan na juye ta a bokitin ƙarfe, na goge cikin murhun na lulluɓe shi.