Rijiyar Da Ba Ta Cikin Littafin Kowa

Duk garin da aka kawo wa rijiyar burtsatse mai sola, roƙona gare su kada su yarda a yanka ƙyallen buɗewa sai an damƙa musu takardunta a hannu. Ni ne sakataren kwamitin ruwa na ƙauyenmu a Jihar Jigawa, kuma rashin waɗannan takardu ne ya jefa mu wahalar ruwa cikin azumin 2024, wahalar da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

An haƙa mana ita a ƙarshen 2022, gab da zaɓe, cikin ayyukan mazaɓa na wani ɗan majalisar tarayya. Tankuna biyu a sama, farantan sola, famfuna a bakin kasuwa, da layi guda zuwa asibitin sha-ka-tafi. Ranar buɗewa aka karanta sunayenmu a matsayin kwamiti, aka miƙa mana makullin shinge. Makullin nan kaɗai aka ba mu. Shekara guda da ɗoriya ruwa na zuwa lafiya lau, mata suka huta da guga, yara suka daina makara a makaranta.

Ana tsakiyar azumi, cikin zafin Maris, injin ya tsaya cak. Mai gyaran da muka ɗauko daga birni ya buɗe akwatin na'ura, ya gwada waya, ya ce sumo, wato injin da ke nutse can ƙasa yana turo ruwa, ya ƙone. Sai ya juyo gare ni. "Malam Sakatare, zurfinta nawa? A mita nawa aka rataye injin? Wane iri ne, ƙarfinsa nawa?" Na kalli shugaban kwamiti, shi kuma ya kalli dagaci. Duk garin babu mai amsar ko ɗaya, domin babu wanda aka taɓa gaya wa.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, a sakatariyar ƙaramar hukuma za a buɗe fayil a karanto mana. Jami'in da ya karɓe mu mutumin kirki ne, ya ba mu kujera, ya ɗauko rajistar rijiyoyin mazaɓarmu ya bi layi-layi. Tsofaffin famfunan tuƙa-tuƙa duk suna ciki, har waɗanda suka mutu tun ina firamare. Tamu babu. Ya rufe littafin ya ce, "Malam, wannan rijiya ba tamu ba ce. Ba a miƙa mana ita ba, ba a kuma gayyace mu duba aikin ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, to ta wa ce?" Ya ce kuɗin daga kasafin Abuja suka fito, ta hannun wata hukumar tarayya, ɗan kwangila ya gama an biya shi. Muka nemi lambar ɗan kwangilar, a kashe. Ɗan majalisar kuwa bai koma kujerarsa ba, waɗanda suke amsa waya a ofishinsa duk sun watse.

Wannan magana ta "ba tamu ba ce" ita ta fi ƙona min rai, fiye da ƙonewar injin. Abin da gari guda ke sha, aka kashe masa miliyoyin kuɗin jama'a, a takarda ba shi da uba. Kansilanmu ya yi iya ƙoƙarinsa, har ya ba da gudunmawa daga aljihunsa, amma ya faɗa mana gaskiya: kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke biyowa, abin da ke saukowa bayan albashi ba ya isa a gyara rijiyar da ke cikin rajista, balle wadda babu sunanta.

Kafin nan gari ya koma hannun 'yan garuwa masu ɗebowa daga wata rijiya mai janareta a garin maƙwabta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin jarka ke hawa, ga nisa, ga zafi. Marasa hali suka koma tsohuwar rijiyar bayan gari, wadda a bazara sai an kwana a bakinta ana jiran ta tattaro. Ma'aikaciyar asibiti ta ce mana masu haihuwa da jarkarsu suke zuwa daga gida.

Da babu takarda, dole muka yi gayya aka zaro bututun kaf, guntu-guntu, don kawai mu san abin da shafi ɗaya zai gaya mana. A nan abin ya fito fili. An haƙa rijiyar ne bayan damina, lokacin da ruwan ƙasa ke sama, aka rataye injin daidai wannan ruwa, alhali akwai sauran zurfi mai yawa a ƙasansa. Bazarar farko ya tsallake da ƙyar. A ta biyu ruwa ya sauka ya bar shi yana jan iska, shi kuwa irin wannan inji ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi. Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa sama da injin kaɗan, da zarar ruwa ya janye ta kashe shi. Ba a saka ta ba. Mai gyaran ya nuna min gurbinta a cikin akwati, an haɗe bakin biyu da guntuwar waya don injin ya riƙa tashi ba tare da ita ba. Kuɗinta ko kusa bai kai na bututu biyu ba. Da an bar mana takardar da ke nuna abin da aka saka da wanda ba a saka ba, da tun kafin bazara mun saye ta da kuɗinmu.

Sabon inji a Sabon Gari ta Kano muka same shi, a lokacin da dala ta yi tsada, kayan waje duk sun tashi. Asusunmu babu komai. A shekarar farko mun kawo shawarar a riƙa biyan wani abu, mutane suka ce ruwan gwamnati ne, rana ce ke kawo shi, me za a saya? Ban ga laifinsu sosai ba, domin abin da aka faɗa musu ranar buɗewa ke nan. Babu wanda ya gaya musu cewa manufar samar da ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 a wuyan al'umma ta ɗora mafi yawan nauyin kula da ruwan karkara. Sai da 'yan garinmu mazauna Kano da Legas suka yi karo-karo, dagaci ya sayar da rago, sannan kuɗin suka cika. Ruwa bai dawo ba sai bayan ƙaramar Sallah.

Abin da na fi alfahari da shi abin da ya biyo baya ne. Dagaci ya tara masu unguwanni, liman, ardo da shugabar mata. Shugabar matan ce ta warware mana. Ta ce, "Baba Dagaci, ku daina neman kuɗi a hannun magidanta wata-wata, ba su da shi. Ku bari sai kaka." Haka aka yi. Kowane gida na ba da tiyar gero da kaka, mu adana, mu sayar idan hatsi ya yi daraja. 'Yan garuwa, da yake sana'a suke yi, suna biya a kan kowace kura. Makiyaya suka amince da biya a shekara, mu kuma muka gina musu kwamin shayarwa nesa da famfunan mata. Asibiti da makaranta ba sa biyan komai. Kuɗin suna banki, sai mutum uku sun sa hannu, kuma duk ƙarshen wata ina karanta abin da ya shiga da wanda ya fita bayan sallar Juma'a. Wannan karatun kada a yi wasa da shi. Wata guda aka tsallake, za a fara raɗe-raɗi a majalisa.

Sauran ƙananan abubuwa kowa zai koya da kansa: wanke farantai da sassafe lokacin hunturu saboda ƙura na rage musu ƙarfi, walde ƙusoshinsu saboda ɓarayi, biyan mai gadi a kan kari. Amma takardun nan ba a koyonsu daga baya. Ku nemi rahoton mai haƙa, wanda ke nuna zurfi da inda ruwa ya tsaya da yawan abin da rijiyar ke iya bayarwa. Ku nemi sunan inji da lambarsa da zurfin da aka rataye shi, da takardar garanti. Ku sa a buɗe akwati a gabanku a nuna muku na'urar kashe inji, a gwada ta ku gani. Sannan takardar miƙa aiki mai sa hannun ƙaramar hukuma. In ɗan kwangila ya ce zai aiko daga baya, dagaci ya ɗage bikin. Kafin biki ne kawai maganarku ke da nauyi, domin mai aikin na son hotonsa.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, na kuma yi murna da shi. Sai dai ko kuɗin sun sauko, ba za a gyara abin da ba a rubuta ba. Saboda haka muka auna komai da kanmu ranar da aka mayar da bututu, muka rubuta, dagaci da hakimi suka sa hannu, muka kai sakatariya da hukumar ruwan karkara ta jiha, muka karɓo kwafi mai hatimi. Kwafi ɗaya na wurina, ɗaya na gidan dagaci, ɗaya mun liƙa cikin leda a murfin akwatin na'ura. Yanzu muna bibiyar taransfomar garin, wadda ita ma aikin mazaɓa ce, kuma binciken farko ya nuna ba ta cikin rajistar kowa.